Wilt, Shaq da Hakeem: wa ya fi cika fili?

A ƙwallon kwando, ɗan tsakiya shi ne ƙaton da ke tsare gindin kwando, kuma masu bibiyar gasar NBA ta Amurka sun daɗe suna musu kan wanda ya fi kowa ƙarfi a wannan gurbi. Matasa kan ce Shaquille O'Neal ne, kuma suna da hujja. A 1993 ya danna ƙwallo har ƙarfen da ke riƙe da kwando ya rufto. Daga 2000 zuwa 2002 ya ci kofi uku a jere da ƙungiyar Lakers, abokan karawa suka rasa dabara sai dai su riƙe shi da gangan, don sun san bai iya jifan kyauta ba.

Amma ni a wurina Wilt Chamberlain ne gaba. Tsawonsu ɗaya da Shaq, ƙafa 7 da inci 1, sai dai Wilt ya haɗa ƙarfi da gudu da juriya. Tun yana jami'ar Kansas zakara ne a tsallen sama. A kakar 1961 zuwa 1962 yana cin maki 50.4 a kowane wasa, ranar 2 ga Maris 1962 kuwa ya zuba wa ƙungiyar Knicks maki 100 shi kaɗai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lissafin mintinsa a kakar: 48.5 a kowane wasa, alhali wasan minti 48 ne, ragowar na ƙarin lokaci ne. Wato kusan bai taɓa zama a benci ba. Masu cewa 'yan zamaninsa raunana ne sun manta cewa a gaban Bill Russell, mai kofi 11, ya cafke ƙwallo 55 da suka dawo daga kwando a 1960. A 1964 sai da aka faɗaɗa yankin gindin kwando daga ƙafa 12 zuwa 16 domin a nisanta Wilt daga kwandon.

Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, salonsa daban ne. Ya fara da tsaron raga a ƙwallon ƙafa, daga nan ya samo saurin ƙafar da yake kwana da ita ya bar ƙato yana tsalle a banza. A wasannin ƙarshe na 1995 ƙungiyarsa ta Houston ta lallasa Orlando, ƙungiyar Shaq a lokacin, huɗu ba ko ɗaya. Hakeem ke riƙe da tarihin kaɗe ƙwallo 3,830, sai dai ba a fara ƙirga wannan ba sai 1973, shekarar da Wilt ya yi wasansa na ƙarshe.