Tasirin Yanayin Ƙasa a kan Fatauci da Zaman Jama'a a Nahiyar Afirka

Gabatarwa

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Afirka, ya dubi inda manyan garuruwan zamanin da suka kafu, zai ga ba barkatai suke ba. Timbuktu da Gawo da Agadas suna jere a bakin hamada. Katsina da Kano suna kudu da su. Salaga tana kusa da bakin kurmi, Kilwa da Mambasa da Zanzibar kuwa suna gaɓar tekun Indiya. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna yadda siffar ƙasa ta shata wa fatake hanya, ta zaɓa wa jama'a mazauni, har ta bar sawunta a cikin harshe.

Gaɓar Teku da Koguna

Faɗin Afirka ya kai murabba'in kilomita miliyan 30, wato wajen ninki uku na Turai, amma tsawon gaɓar tekunta bai kai na Turai ba. Dalili kuwa shi ne gaɓar a miƙe take, ba ta da yawan lungunan da jirgin ruwa zai fake. Bayan haka, yawancin nahiyar tudu ne, saboda haka kogunanta sukan faɗo ta kan duwatsu kafin su isa teku. Kogin Kwango ba ya biyuwa tsakanin Matadi da Kinshasa, sai da aka kewaye wurin da hanyar jirgin ƙasa wadda aka gama a 1898. A kogin Kwara, a duwatsun Busa ne Mungo Park ya halaka a 1806. Tafkin Kainji ya shanye wurin a 1968.

Abin da wannan ya haifar shi ne, kogunan sun yi amfani a tsakiyarsu fiye da bakinsu. Kwale-kwale na ɗauko hatsi daga Jenne zuwa Kabara, mashigar Timbuktu, alhali kuwa ɗan kasuwar teku ba ya iya kutsawa ciki. Don haka ne manyan daulolin Afirka ta Yamma, Gana da Mali da Songhai da Borno, suka ba teku baya, suka fuskanci arewa.

Hamada, Sarari da Kurmi

Idan mutum ya taso daga Bahar Rum ya nufi kudu, zai ratsa ƙasashe iri-iri a jere kamar zaren saƙa: hamada, sai sahel, sai sararin noman gero da dawa, sai kurmi. Kowane yanki yana da abin da maƙwabcinsa ba shi da shi. Hamada na da gishiri da dabino. Sarari na da hatsi da fata da tufafi. Kudu na da goro da zinariya. Wanda ya yi tafiya gabas ko yamma a cikin yanki guda zai tarar da irin abin da ya baro gida, shi ya sa ciniki mai riba ya fi bin kudu da arewa.

Sahara, wadda ta kai murabba'in kilomita miliyan 9, ba kullum take busasshiya ba. Zanen raƙuman dawa a kan duwatsun Dabus na ƙasar Azbin shaida ne. Bayan ta bushe, raƙumi ne ya mai da ita abin ƙetarawa, rijiyoyi kuma suka shata hanyoyi. Ɗaya ta tashi daga Tarabulus ta bi Gadamas da Gat da Agadas zuwa Katsina da Kano. Wata ta bi Murzuk da Bilma zuwa Borno. Ibn Baɗuɗa ya bi ta Tagaza a 1352, ya tarar da gari a wurin da ba a shuka kome, gidajensa ma da gishiri aka gina su. Gishirin ne kaɗai ya zaunar da mutane a can.

Wani abin lura shi ne, kowace dabbar sufuri tana da iyakarta. Raƙumi ba ya jure damshi. Jaki da takarkari sukan karɓi kaya daga gare shi, su kuma ƙudan tsando mai kawo sammore ya tare su a bakin kurmi, daga nan sai ɗan dako. To, duk inda aka sauke kaya don a sauya abin ɗauka, dole a sami masauki da dillali da fatoma, kuma nan gari yake tsirowa. Asalin Timbuktu ke nan, inda raƙumi ya gamu da kwale-kwale. Asalin bunƙasar Salaga ke nan, inda jakunan fataken Hausa suka gamu da goron Asante, har yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar.

Kano ta haɗa abubuwa da dama: tama a dutsen Dala, ƙasar noma mai ɗaukar jama'a da yawa, da matsayi tsakanin hamada da kurmi. An kafa kasuwar Kurmi a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Da Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin dubu 30, ya ce sukan ninka a lokacin zuwan ayari.

A gabashin nahiyar, iska ce ta yi aikin raƙumi. Takan kaɗo daga arewa maso gabas wajen Nuwamba zuwa Maris, ta kawo jiragen Larabawa da Indiyawa, sa'an nan ta juya ta mai da su gida. Jiran juyawar iska ya zaunar da baƙi watanni, aka yi auratayya, garuruwan Sawahili suka haɓaka.

Inda Jama'a Suka Taru

Ruwa da lafiya su ne suka raba jama'a. Fiye da kashi 90 cikin 100 na Misirawa suna zaune a bakin kogin Nilu. Tuddan Habasha da na Ruwanda sun cika da mutane saboda ni'imar ƙasa da ƙarancin sauro. Addis Ababa tana bisa tudun da ya haura mita 2,300. Tsakiyar kurmin Kwango kuwa, duk da yawan ruwan sama, ba ta tara jama'a haka ba, domin ruwan yana wanke albarkar ƙasa.

Sawun Fatauci a Harshe

Kalmomin "Sahel" da "Sawahili" duk daga tushe guda na Larabci suke, mai ma'anar gaɓa, wato an ɗauki hamada tamkar teku. A Hausa, "raƙumi" da "takobi" daga harsunan Buzaye da danginsu suka shigo. Greenberg ya nuna a 1960 cewa "kasuwa" ta biyo ta Barebari ne. "Zango", wadda asalinta masaukin ayari ne, ta zama sunan unguwar Hausawa a Kumasi da Ankara da wasu garuruwan kurmi.

Kammalawa

Kada a ɗauka yanayin ƙasa ƙaddara ce da ba ta sauyawa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ciniki ya juya zuwa Ikko, ayarin Tarabulus ya mutu, Gadamas da Gat suka koma ƙananan garuruwa. Iyakokin mulkin mallaka kuma suka gitta tsohuwar hanyar kudu da arewa, suka raba Katsina da Maraɗi, suka raba Kano da Damagaram. Ƙasashen Afirka 16 ba su da mafita zuwa teku, kuma rufe iyakokin Nijar a 2023 ya nuna irin tsadar wannan rashi, domin kayan da suka saba biyowa ta Kwatano sai da suka yi dogon zagaye ta Lome. Saboda haka ya kamata mai nazarin tarihi ko harshe ko adabi ya ajiye taswira kusa da littafinsa, ya riƙa tambayar ina ruwa yake, ina hanya ta bi, wa kuma ya sauya ta.