Yare shida a baki, na bakwai ya kai ni aji

Duk wanda ya tashi a Zangon Bawku bai san ana biyan kuɗi a koyi yare ba. Hausa a gida, Kusasanci wajen masu albasa, Mosanci wajen masu shanu da ke sauko mana daga Burkina. Da na fara bin lori zuwa Yendi sayen doya, Dagbanci ya shiga kunnena da kansa. Yaren Asante kuwa a Kumasi na tsince shi, wajen rigima da 'yan dako. Ga ɗan Turanci na kan hanya. Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Kano da Salaga ma haka suka yi: a bakin ciniki suka koya, ba a kan allo ba.

To da wannan girman kan na sauka Bresha, a arewacin Italiya. Na ce wata shida ya ishe ni. Jama'a, shekara huɗu ta wuce ban iya komai ba sai gaisuwa da ƙirgen kuɗi.

Dalili a fili yake. A Yendi dole ka yi Dagbanci, don mai doya ba ta jin wani abu. A Bresha kuwa mutum zai iya wuni bai furta kalmar Italiyanci goma ba. Ɗakinmu 'yan Zango ne, masallaci namu ne, shagon da muke sayen gari da manja na ɗan Gana ne. Sana'ata tara tsofaffin kayan mota da kekuna in loda kwantena zuwa Tema, masu saye kuma duk a waya muke Hausa. A babban kanti ba mai tayawa: ka ɗauka, ka biya, ka fita. Kasuwar da ba a ciniki ina za ta koya maka yare?

Takarda ce ta fara tashe ni. Bayan shekara 5 mutum na iya neman izinin zama na dindindin, amma tun 2010 sai ya nuna ya kai matakin A2 a Italiyanci. Mai neman zama ɗan ƙasa kuwa, tun 2018 matakin B1 ake nema. Amma gaskiya abin da ya kai ni aji ya fi takarda ciwo. Uwargida ta kamu da lalura irin ta mata, muka je wajen likita, 'yarmu mai shekara goma sha ɗaya ce tafinta. Ina zaune ina kallo yarinya tana fassara abin da bai kamata ta ji daga bakin uwarta ba. Da muka fito Hajiya ba ta ce min komai ba sai, "Maigida, wannan ba aikin yarinya ba ne." A satin na rubuta sunana a CPIA, makarantar manya ta gwamnati da ke kowane lardi.

Sau uku a mako, da yamma. In dawo daga sito hannu duk baƙin mai, in yi Magariba, in hau bas. Lokacin hunturu tun ƙarfe biyar duhu ya yi, sanyi na shiga har ƙashi. A aji ga 'yan Pakistan, ga 'yan Senegal, ga wata tsohuwa 'yar Yukren mai jinyar tsofaffi, ga ni da furfura ina riƙe da fensir. Rabona da zama gaban malami tun makarantar allo.

Ranar farko malama ta nuna hoton gida ta ce "kaza". Na yi dariya ni kaɗai. Casa ake rubutawa, amma mutanen arewa kaza suke faɗi. In ka nannauya harafin ka ce cassa, ka koma wurin biyan kuɗi. Nan Bahaushe ya fi 'yan ajin sa'a, don kunnen da ya raba baba da babba ba ya ɓata a wannan. Haka kuma Lei da suke ce wa babba ko baƙo maimakon tu: ai "ku" ɗinmu ne na girmamawa. Shekara huɗu ina ce wa dattawa tu, ashe kamar yaro ne ya dubi limami ya ce "kai".

Inda na sha wuya shi ne namiji da mace. Mu a Zango mun daɗe da sauke wannan kaya, "mace ya zo" muke cewa, 'yan Kano su yi ta mana dariya. To Italiyanci bai yafe ba. Tebur namiji, kujera mace, kuma kowace kalma da ta biyo baya sai ta bi sahu. Ga fi'ili da ke canja wutsiya kan kowane mutum. Ka gama wannan ka fita waje, tsohon maƙwabcinka ya yi maka yaren Bresha, ka rantse ba ƙasar kake ba.

Dabarar da ta fisshe ni ta 'yan kasuwa ce. Na daina zuwa babban kanti ranar Asabar, na koma kasuwar fili inda mai kayan miya ke surutu. Ina rubuta kalma biyar a bayan rasit kullum, in yi ta bita a bas kamar tilawa. A gida kuma muka yi sharaɗi da 'yata: bayan cin abinci rabin awa ita ce malama, sauran wuni Hausa zalla, don ita ma tata ta fara karkacewa.

Na samu A2 a shekara ta biyu, bayan na maimaita zango ɗaya saboda na tafi Bawku jana'izar yayana. Da muka koma wajen likita ni na yi magana. Na ce masa ya yi sannu-sannu, piano piano, ya maimaita min sau biyu, yarinya kuma tana makaranta abinta. Yanzu Hajiya ce ke zuwa ajin safe, Talata da Alhamis, ni kuma ina tsaron na goye.