Ko Kun Sani? Kiɗa Na Iya Sakin Ƙafar Mai Cutar Parkinson

Tun shekarar 2001 ƙungiyar rawa ta Mark Morris da ke birnin New York a Amurka take koya wa masu cutar Parkinson rawa. Wannan cuta tana sa karkarwa da sandarewar jiki, saboda mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin. Mai fama da ita kan iso bakin ƙofa ƙafafunsa su kafe kamar an dasa su, amma da ya ji kiɗa mai bugu daidai wa daida, sau da yawa sai ya ɗaga ƙafa ya bi bugun. Sashen ƙwaƙwalwar da ke tsara taku ne ya raunana, kunne kuwa sai ya kawo masa ma'auni daga waje. A 2019 reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoto kan rubuce-rubucen bincike sama da 900 game da fasaha da lafiya, kuma ya ambaci amfanin rawa ga masu wannan cuta.

Wani zai ce ai motsa jiki ne kawai aka sauya wa suna. Da gaskiyarsa, to amma atisayen da mutum ya gaji da shi ya watsar ba ya tsinana masa komai, rawa kuwa tana da daɗi da abokan zama masu sa shi ya dawo kowane mako. Ba ta warkar da cutar, ba ta kuma maye gurbin maganin likita. Abin da take ingantawa shi ne tafiya da daidaiton tsayuwa.