Reno a Hannun Baƙuwa: Kula da Ƙananan Yara a Gidajen Reno na Garin Lafia

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce wance ta iya reno, abu uku yake nufi: yaron da ke hannunta ya ƙoshi kuma yana da tsabta, bai faɗa wuta ko rijiya ba, sannan hankalinsa a kwance yake. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda abubuwan nan uku suke kasancewa yayin da reno ya bar tsakar gida ya koma hannun ma'aikaciyar da ake biya a wata. An ɗauki garin Lafia a matsayin misali.

2.0 Yadda Buƙatar Ta Taso

A ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, aka mai da Lafia hedikwatarta. Ma'aikata suka kwararo daga Jos da sauran wurare, kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011 kuma ya ƙara yawansu. Da yawa daga cikinmu mun zo ne da mata da 'ya'ya kawai, mun baro kakanni da gwaggwanni a gida.

Miƙa yaro ga wadda ba mahaifiyarsa ba, ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Al'adar kunyar ɗan fari da ta riƙo, waɗanda aka bayyana a tarihin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954, sun isa shaida. Sai dai a can mai riƙon 'yar'uwa ce, yaran da ke gabanta ba su da yawa, kuma ba ta ajiye aiki a ƙarshen wata. Nan ne gidan reno na zamani ya bambanta.

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai haihuwa hutun mako 12, da rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2001 ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata 6. Ke nan uwar da dokar ta shafa za ta koma aiki da sauran fiye da rabin wa'adin. Rabin sa'ar nan ba ta da amfani in gidan renon yana wata unguwa, ma'aikatar tana wata.

3.0 Lafiyar Jiki da Tsaro

Wannan fanni ya fi sauƙin dubawa domin ido na ganinsa. Gudawa kan bi yara ɗaya bayan ɗaya inda mai reno ke canza wa jariri ƙunzugu ta koma dama koko ba ta wanke hannu da sabulu ba. Ya kamata a ajiye haɗin ruwan gishiri da sukari, a kuma duba katin rigakafin kowane yaro, musamman allurar ƙyanda ta wata 9. A kwantar da jariri rigingine, cikin gidan sauro, a ɗaki mai iska, domin zafin Lafia a watan Maris ba wasa ba ne. A rufe abinci saboda ɓera, mai yaɗa zazzaɓin Lassa. Bokitin ruwa a buɗe ya isa ya halaka mai rarrafe. Haka kuma a san wanda aka amince ya zo ɗaukar yaro, kada a miƙa shi ga duk ɗan acaɓan da ya ambaci sunan uwarsa.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2013, ta ƙayyade mai reno ɗaya ga jarirai 10. A ganina ko wannan ya yi yawa. Mace baya ɗaya gare ta, hannu biyu.

4.0 Kwanciyar Hankali

Nan ne aka fi yin sakaci. Daga wajen wata 7 ko 8 jariri kan fara ƙiwa, wato ya ƙi yarda da wanda bai sani ba. Wasu masu reno kan ɗauki wannan a matsayin sangarta, su bar yaro ya yi ta kuka har ya gaji, su ce ya saba. Alhali ƙiwa alama ce ta cewa yaron ya shaƙu da wani, ya kuma san inda mafakarsa take. Masaniyar halayyar ɗan Adam Mary Ainsworth ta lura da haka a Yuganda a 1954 zuwa 1955: jaririn da ya tabbata uwarsa na kusa shi ne ke sakin jiki ya rarrafa ya binciki ɗaki. Binciken da aka fara a 2000 kan yara 136 na gidajen marayu a Bukares, ƙasar Romaniya, ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi samun bunƙasar tunani da shaƙuwa. Gidan reno na yini ba gidan marayu ba ne, amma darasin ya shafe shi: abinci da gado ba sa maye gurbin fuska ɗaya da yaro ya sani.

Hatta a yaye, wanda yake da zafi ga yaro, Hausawa gidan kaka suke kai shi, wurin wadda ya riga ya saba da muryarta. Saboda haka albashin mai reno batu ne na lafiyar yaro. Wadda ba a biya da kyau za ta tafi, kuma duk tafiyar mai reno ƙaramin yaye ne. Goyo ma, da wasu masu gidajen reno ke gani ƙauyanci ne, babu abin da ya kai shi saurin kwantar da jariri.

Saura batun harshe. A Lafia yaro kan tashi da Eggon ko Alago ko Gwandara ko Migili ko Tibi ko Fulatanci, Hausa kuma ita ce ta kasuwa da titi. Manufar Ilimi ta 1977 ta ce a yi wa yaran share fage magana da harshen uwa ko na yankinsu, a 2025 kuwa Gwamnatin Tarayya ta sanar da komawa ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Ko wace hujja ke akwai game da aji, lallashi ba darasi ba ne. Ɗan shekara 2 da aka hana faɗin ƙishirwa ko fitsari ko ciwon ciki da harshen da ya iya, sai ya yi shiru, shirun nan kuma kan ɓoye rashin lafiya. Ranar da aka fara kawo yaro, ya kamata mai reno ta zauna da uwarsa ta tambayi sunan da ake kiransa da shi a gida, da waƙar da ake yi masa ya yi barci, da kalmominsa na jarirai, irin su "mama" ga nono da "tata" ga tafiya. In harshen ba nata ba ne, ta rubuta kalmomi goma ta liƙa a bango kusa da shimfiɗarsa.