Maƙeri, Maharbi da Bindigar Harbin Nesa

Wanda ya shiga tsohuwar kasuwar Panteka ta Kaduna, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ya ga yadda ake mai da tsohon ƙarfe ya zama tukunya da murhu da akwati da injin niƙa, zai ɗauka babu wani abu na ƙarfe da zai gagari maƙerin ƙasar Hausa. Amma akwai abu guda wanda ƙirar zugazugi da masaba ba ta kai gare shi ba, ko da yake maƙera sun daɗe suna ƙera ɗan'uwansa, watau bindigar farauta wadda za ta sami dabba daga nisan yadi 300 ko fiye. Dalilin haka ba ƙarancin basira ba ne. Wani sashe nasa yana cikin bututun bindigar, wani sashe kuma yana cikin tarihi da doka.

Kalmar bindiga kanta baƙuwa ce. Daga Larabci ta zo, bunduƙiyya, wadda tushenta shi ne bunduƙ, sunan wani ɗan itace ƙanƙane mai ɓawo, da aka ara aka ba dunƙulen da ake harbawa. Harsashi daga rasas yake, watau darma, albarushi kuwa daga albarud. Wannan ya nuna ta wajen arewa da gabas Hausawa suka fara jin labarin makamin. Mai Idris Alooma na Barno yana da 'yan bindiga tun ƙarni na 16, kuma Tarihin Kano ya ambaci Babba Zaki (1768–1776) da cewa shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Sai dai yawancin bindigogin da suka bazu daga baya daga bakin teku suka hauro, ta ƙasar Yarabawa da Nufe, a hannun fatake.

Sauran sunayen Hausawa ne suka raɗa su da kansu, kuma kowane ɗaya bayani ne. Ɗan ƙarfen da ake ja da yatsa kunama ne, don lanƙwasarsa da kuma abin da ke biyo bayan taɓa shi. Mai ruwa da mai jigida sunayen manyan bindigogin soja ne. Wadda maƙeri ke ƙerawa kuwa ita ce bindigar toka, ko harba-ka-ruga. Wannan suna na biyu bai ɓoye kome ba: harbi ɗaya ne, in an dace an dace, in an kuskure sai ƙafa, gama kafin a sake ɗuri ɓauna ta iso.

Bindigar toka aikin hannu biyu ce ko uku. Maƙerin baƙi shi ke da bututu da kunama, masassaƙi ya fitar da ƙota da gizago, wani lokaci baduku ya naɗe ta da fata, ya rataya mata layu. Ta baki ake ɗura ta, cikinta kuma sumul yake kamar cikin sarewa. Tun da ta baki harsashi zai shiga, tilas ya kasance bai cika bututun ba. Saboda haka in wuta ta tashi, sai ya taho yana bugun gefe da gefe, gefen da ya buga na ƙarshe kuma shi ke zaɓa masa hanya. A nisan yadi 30 wannan karkata ba ta da yawa. In an wuce yadi 50 ko 60, samu ya koma sa'a. Bugu da ƙari, babu bindigogin toka biyu masu awo ɗaya, kuma ƙarfen da akan yi bututun da shi ba don wannan aiki aka narka shi ba. Shi ya sa a ƙauyuka akan ga tsofaffin maharba masu guntun yatsu, waɗanda bindigarsu ta fashe a hannunsu ran da suka ƙara mata albarushi don ta kai nesa.

Da yake bindiga ta kasa cin nisa, sai maharbi ya ɗauki nauyin cinsa da kansa. Ilmin harbi a ƙasar Hausa, tun zamanin baka da kibiya, ilmin kusantar nama ne. Maharbi ya san sawu, ya san mashaya da lokacin da kowace dabba ke zuwa, ya san yadda zai biyo ta inda iska ba za ta kai warinsa ba. Dabarar da ta fi kowace ban sha'awa ita ce ta kan burtu. Burtu baƙin tsuntsu ne babba mai kiwo a ƙasa, barewa da gada sun saba da shi, ba sa gudunsa. Sai maharbi ya ɗaura siffar kan burtu da dogon wuyansa a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana kaɗa kai kamar mai tsattsagar ƙwari, har ya zo inda harbi ba zai kuskure ba. Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma maharbin da ya san aikinsa ba ya aiki da wannan karin magana a daji, domin dabbar da aka ji wa rauni ko ta ɓace ta mutu a banza, ko ta juyo.

Turawa kuwa ta wata fuska suka ɓullo wa al'amarin. Tun wajen farkon ƙarni na 16 maƙeran ƙasashen Jamus suka gano cewa in aka yanka 'yan siraran kwari a cikin bututu, masu tafiya suna murɗewa kamar tufkar igiya, harsashi zai fito yana juyawa a kan kansa. Amfanin juyawar nan kowace mai kaɗi ta san shi: mazari yana tsaye cik muddin yana juyawa, da ya daina sai ya faɗi. Haka harsashi yake, juyawa ce ke riƙe kansa gaba. A bindigar Ingilishi mai awon .303, wadda sojan Nijeriya suka daɗe suna riƙewa, tufkar tana zagaye ɗaya cikin kowane inci 10, harsashi kuma yana barin baki da gudun kimanin yadi 800 a sakan guda. Watau yana juyawa kusan sau 3,000 a sakan. Sa'an nan a 1884 aka samo albarushi marar hayaƙi a Faransa, wanda ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba, a 1898 kuma kamfanin Mauser na Jamus ya fito da samfurin da har yau masu ƙera bindigogin farauta ke ɗora aikinsu a kansa.

Duk da haka nisa bai daina wuya ba. Harsashi yana fara faɗuwa tun daga lokacin da ya bar baki, kamar kowane abu da aka saki. Abin da aka saki yana faɗuwa ƙafa 16 a sakan na farko, harsashin .303 kuwa yana bukatar kusan sakan guda kafin ya kai yadi 600. Ke nan mai harbi daga wannan nisa sama yake auna bututunsa ƙwarai, ko da yake a idonsa saiti yana kan dabbar. Ga kuma iska. Iskar hunturu mai kaɗawa daga gefe ta isa ta ture harsashi ya wuce gwanki ɗungum. Madubin hangen nesa da ake ɗora wa bindiga yana kawo dabba kusa da ido ne kawai, ba ya rage ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A nan ne bindigar da aka ƙera wa mutum ɗaya takan bambanta da ta kanti. Tsofaffin gidajen ƙira na London, irin su Holland & Holland da Rigby, sukan gwada mai bindiga kamar yadda tela ke gwada mai riga, su auna tsawon hannunsa da inda kuncinsa zai kwanta. Ƙotar daga itacen walnat ake sassaƙa ta, bayan an bar shi ya bushe shekaru. Wanda ya zauna a Kaduna ya san yadda ƙyauren katako ke kumbura da damina ya ƙi rufuwa, da hunturu kuma ya tsuke. In ƙota ta yi haka sai ta danne bututu, bindigar da ke samu jiya ta koma kuskure yau. Awon cikin bututu kuwa da kashi ɗaya cikin dubu na inci ake lissafinsa. Bayan an gama, a Ingila doka ta hana sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji, kamar na Birmingham da aka kafa a 1813, an harba ta da ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi, an buga mata hatimi. Ashe bindigar nesa ba aikin maƙeri ɗaya ba ce, ko a Turai. A bayansa akwai masana'antar narka ƙarfe, da ta harsashi mai awo ɗaya, da injin da ba ya kuskuren awo. Su ne maƙerin Hausa bai samu ba. Ƙwazo kam yana da shi, gama a Damagaram, zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, har igwa aka ƙera.

Ba kuma haka kawai aka rasa su ba. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels, wadda ta hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindiga mai tufka da harsashinta, ta bar musu mai ƙanƙara mai sumul ɗin ciki da albarushin fatauci. Sakamakon haka ya bayyana a Kano da Sakkwato a 1903, inda aka riƙa kayar da mahaya tun ba su kai inda kibiya ko bindigar toka za ta yi aiki ba. Kaduna kanta barikin wannan runduna ce kafin ta zama hedkwatar Arewa a 1917. Saboda haka bindigar nesa ta shigo garin a kafaɗar soja, da kuma cikin kayan hafsa ko joji mai fita harbi ran hutu, ba ta biyo ta maƙera ba.

Dokar Makamai ta 1959 ta gaji wannan rabo. Kamar yadda take a yau, ta kasa bindigogi kashi uku. Na soja, har da masu awon .303 da 7.62, an haramta su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta irin na kanti suna bukatar lasin daga Sufeto-Janar na 'yan sanda. Masu ɗurin baki kuwa, watau na toka, al'amarinsu yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙira ba tare da izini ba laifi ne mai ɗauri. Da gwamnati ta tashi ƙera bindiga mai tufka, sai ta kafa hukumar DICON a 1964, wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner ya gina mata masana'anta a Kakuri, ƙetaren kogi ta kudu. A shekarar nan ce kuma aka buɗe Makarantar Horar da Hafsoshi a arewacin garin. Masu ƙira suna kudu, masu koyon harbi suna arewa, dukansu na hukuma.

Wani abin lura shi ne yadda ma'anar 'yan bindiga ta sauya. A da, in an ce 'yan bindiga, bayin sarki ake nufi, masu tashin toka a hawan salla, a ƙarƙashin Sarkin Bindiga. Yanzu mutumin Mando ko Rigasa in ya ji kalmar gabansa ne ke faɗuwa. A watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka, a watan Agusta na shekarar aka kai hari Makarantar Hafsoshi, ran 28 ga Maris 2022 kuma aka tare jirgin ƙasa mai zuwa Kaduna daga Abuja. Dazuzzukan yamma, wajen Birnin Gwari da gandun Kamuku, inda maharba suka saba neman nama, su ne suka zama maɓoya.

Maharba da yawa sun shiga aikin sa-kai don tsare ƙauyukansu, da bindigar toka a hannu. Abokin gabarsu yana riƙe da AK-47, mai cin yadi 300, mai harsashi 30 a ɗuri ɗaya, kan burtu kuma ba ya ruɗinsa. Abin da ya rage wa maharbin shi ne tsohon ilminsa na sawu da mashaya da hanyoyin daji, kuma saboda shi ne jami'an tsaro kan sa shi gaba ya nuna hanya in za su shiga dajin.