Yaƙin Koriya: Yadda Tarayyar Sobiyet Ta Yi Yaƙi A Asirce

Lokacin da sojojin Koriya ta Arewa suka kutsa cikin Koriya ta Kudu a ranar 25 ga watan Yunin 1950, tankokin T-34 da ke kan gaba ƙirar Tarayyar Sobiyet ne. Duk da haka, gwamnatin Mosko ta dage cewa ba ta da soja ko ɗaya a fagen daga, kuma ba ta sauya wannan matsayi ba har aka tsagaita wuta a ranar 27 ga watan Yulin 1953.

Takardun da aka buɗe bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 sun nuna akasin haka. Josef Stalin ya amince wa Kim Il-sung ya kai farmakin, kuma hafsoshin Sobiyet sun taimaka wajen tsara shi. Abin da Stalin ya ƙi shi ne tura sojojin ƙasa, don gudun arangama da Amurka gaba da gaba. Ƙasar Sin ce ta ɗauki wannan nauyi a watan Oktoban 1950, bayan da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin jagorancin Amurka suka doshi kogin Yalu, wanda ya raba Koriya da Sin.

Sai dai Sin ba ta da ƙarfin sojan sama da zai kare dakarunta. Saboda haka daga watan Nuwamban 1950, matuƙan Sobiyet suka fara tashi da jiragen MiG-15 daga sansanonin da ke cikin ƙasar Sin, domin kare gadojin Yalu da hanyoyin kai makamai. Ɓarnar da suka yi wa manyan jiragen Amurka masu jefa bam, samfurin B-29, ta sa a ƙarshen 1951 Amurka ta mayar da yawancin hare-haren jiragen zuwa dare.

An ɗauki tsauraran matakai don rufa asirin. An yi wa jiragen tambarin Koriya ta Arewa ko na Sin, matuƙan kuma ba sa sanya kakin Sobiyet. An hana su shawagi a kan teku ko kusa da bakin daga, don kada a harbo wani ya faɗa hannun abokan gaba. An kuma umarce su da yin magana da harshen Koriya a rediyo, amma idan faɗa ya yi zafi sai su koma Rashanci, Amurkawa kuwa suna sauraro.

Ke nan Washinton ta san abin da ke faruwa, amma ta ja bakinta ta yi shiru. Da ta fallasa, da jama'ar Amurka sun matsa lamba a mayar da martani kan Tarayyar Sobiyet, wadda ta riga ta gwada makamin nukiliya a 1949. Ɓoyewar ta amfani ɓangarorin biyu, domin ta hana yaƙin bazuwa zuwa wajen zirin Koriya.

Amma wannan taka-tsantsan bai tsare 'yan Koriya ba. Miliyoyin mutane sun hallaka, an ragargaza biranen Arewa da bama-bamai, an raba iyalai da 'yan uwansu. Har yau ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin Koriyoyin biyu ba. Yarjejeniyar tsagaita wuta ta 1953 ce kawai ke aiki.