Hatimi da Koyar da Lissafi ga Yara

Hatimi, wanda malaman Larabci ke kira wafaƙi, zane ne mai kusurwa huɗu da ake raba shi gida-gida, a zuba lambobi a cikinsa ta yadda jimillar kowane layi, na tsaye ko na kwance ko na karkace, za ta zo daidai da ta sauran. Mafi ƙanƙantarsa yana da gida tara, ana zuba masa 1 zuwa 9, kowane layi kuma yana bayar da 15.

Ƙasar Hausa tana da gwani a wannan fanni, wato Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya yi karatu a Katsina da Borno kafin ya tafi aikin hajji, a wajajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin gina hatimi, musamman wanda yawan gidajen gefensa ba ya rabuwa biyu daidai, kamar uku da biyar da bakwai. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin Masar. Claudia Zaslavsky ta kawo labarinsa a littafinta Africa Counts na 1973, kuma abin takaici ne a ce ɗalibi a Amurka ya san sunansa, alhali yaron Katsina bai taɓa jin sa a aji ba.

Malamai sun yi saɓani a kan sanya hatimi cikin laya, amma lissafin da ke cikinsa ba ya jiran wannan muhawara. Yaron da aka ba shi gida tara ya cike zai yi tarawa da ɗebewa fiye da yadda zai yi a aikin gida na mako guda, ba tare da ya ƙosa ba, daga nan sai ya tambayi dalilin da ya sa 5 ke zama a tsakiya kullum. Amsar hujja ce da ɗan firamare zai iya bi: layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimillarsu 60, sun haɗa dukkan lambobin, wato 45, tare da maimaita ta tsakiya sau uku, don haka ragowar 15 idan aka raba ta uku sai ta ba da 5. Wanda ya gane wannan yana iya matsawa zuwa hatimi mai gida 25, inda kowane layi ke bayar da 65, kuma darasin bai buƙatar komai sai allo da alli, ko yatsa da rairayi.